Kwamfutar da Ke Ƙin Auta

Masu karatu, barkanku da war haka. Wanda yau ya fara leƙowa ya gyara zama, bai makara ba.

Auta ita ce ƙaramar gidansu, ita kaɗai kuma ta rage a gaban Umma. Yayyenta duk sun yi aure sun watse. Sun bar mata ɗaki guda, da madubi mai tsayin mutum, da bakin Umma, wanda a da ake raba shi tsakanin 'ya'ya, yanzu kuwa ita kaɗai ke kwasar sa. Tana aiki a wani ofishin aika kaya, irin wanda za ka kai kwali a auna, a manna masa takarda, a sa a mota. Ita ke zama a kantar karɓar kaya daga azahar zuwa yamma.

Ran nan tana gaban madubi, ta sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a bakin hannu, tana gwada mayafi biyu, sai ga Umma ta dafa ƙofa.

"Auta, wai kurma kika mayar da ni ko bango?"

"Umma me na yi kuma?"

"Gwaggon yaron nan ta sake bugowa. Na ce mata kina tunani. Ta ce tunanin nan ko na gina gada ne, ai ya isa a ce an fara zuba siminti."

Auta ta danne dariya ta ɗauki farin mayafin.

"Ba wannan ba, ɗayan ya fi," in ji Umma, ba tare da ta sauka daga kan maganarta ba. "Abbanki ya ce shi ba ruwansa, bakinki za a ji. To ina bakin? Ko a wurin aiki kike barin sa?"

"Ki ƙara min lokaci, Umma."

"Zuwa ƙarshen makon nan. In e ne, e. In a'a ne, mu sallami bayin Allah. Ba a ajiye mutum a bakin ƙofa kamar takalmi."

Wayarta ta yi ƙara a kan gado. Umma ta kalli wayar, ta kalli Auta, ta taɓe baki ta fita. Saƙo ne daga yaron da ake magana a kansa, mai neman aurenta: "Barka da hantsi. Ya mutuniyar taki, jiya ta bar ki lafiya?"

Mutuniyar nan ba mutum ba ce, kwamfutar ofis ce. Shi kuwa Injiniya ake ce masa, shi ke gyara wa kamfanin kwamfutoci, yana zagaya rassa a kan babur da jaka a bayansa. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da in sun zauna sai sun ja ƙafar wando kada ta yamutse. Maganar gaskiya Auta tana son sa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk wanda ya ga yadda take gyara mayafi in ta ji ƙarar babur ba ya bukatar a faɗa masa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a maƙogwaro, shi ne kwamfutar nan.

Tsohuwa ce, allonta baƙi, rubutunta kore. In ka zauna sai ka buga lambarka ta ma'aikaci, sannan ta nemi kalmar sirri. Kalmar sirrin kuwa ba ta nuna maka ita, ko ɗigo ba ta fitarwa, kana bugawa kamar mai jefa dutse a rijiya cikin duhu. In ka kuskure sau uku ta kulle, ba mai buɗe ta sai Injiniya ya zo ya jona tasa ƙaramar kwamfutar da waya.

Ma'aikacin safe bai taɓa samun matsala da ita ba. Auta ce dai. Yau ta karɓe ta, gobe ta ƙi, jibi ta karɓa, gata ta kulle. Ga layi har bakin ƙofa, ga masu kwalaye suna tsaki, ga Manaja ya fito yana cewa, "Wai ke yatsunki ne ba sa ji, ko kanki ne?" Sai a kira Injiniya. Ya zo ya buɗe, ya ba ta wasu lambobi na wucin gadi ta shiga da su, ta sa sabuwar kalma, ya tafi. Tun zuwansa na farko ya tambaye ta, "Fitilar manyan baƙaƙe ba ta kunne ba?" Suka duba tare, ɗan ƙwan da ke kusurwar kibod, wato faifan maɓallan rubutu, a mace yake, ba haske. Ya ce to ba nan ba ne. A cikin wannan zirga-zirgar ne lambar wayar da aka ba ta don aiki ta koma ta gaisuwa, gaisuwa ta koma hira, hira ta haifi gwaggo.

Wanda ya zuba mata tsakuwa a shinkafa shi ne Mai Sikeli, dattijon da ke auna kaya a gefen kantar. Mutum ne da ya ga jiya ya ga yau, bakinsa kuma ba ya hutu. Wata rana bayan Injiniya ya fita ya ce, "'Yata, in tambaye ki mana."

"Ina ji, Baba."

"Kin taɓa ganin bakanike ya gyara mota gaba ɗaya?"

"Kamar yaya?"

"Ai sai ya bar ƙusa ɗaya a kwance. In ba haka ba me zai dawo da ke garejinsa? Ni dai ban ce komai ba. Amma injin da ba ya ciwo sai a hannun budurwa, ba magani yake nema ba."

Wasa ya yi, ya ma manta ya faɗa. Ita kuwa maganar ta zauna. Ta riƙa juya ta a ranta: in har shi ne ke saita ta don ya sami dalilin zuwa, to yana sane ake yi mata tsawa a gaban mutane, yana sane take sunkuyar da kai tana ba kwastomomi haƙuri. Namijin da zai bari a ci mutuncinki don ya sami ganin fuskarki, in ya same ki a gidansa me zai hana shi yi? A nan ba ta yi wauta ba. Mace mai hankali ba ta kallon abin da namiji ya ba ta kawai, tana kallon hanyar da ya bi ya iso. Sai dai kuma zato zunubi, ba ta da hujja. Ga Umma ta gindaya wa'adi.

Ba ta amsa saƙon ba. Ta saka wayar a jaka ta fita tun lokaci bai yi ba, don dai kada Umma ta dawo zagaye na biyu.

Wannan ne karon farko da ta isa ofis da wuri haka. Ma'aikacin safe ya riga ya fita daga kwamfutar ya tafi cin abinci, allon yana jiran lambar mai shiga. Ba kowa sai Mai Sikeli yana gyangyaɗi a kan wani buhu, da Inna mai shara, wadda ke zuwa tsakanin tashin na safe da zuwan na rana. Auta ta san ta a bakin ƙofa kawai, kullum suna saɓani, ita tana shiga Inna tana fita da bokiti.

"A'a, 'yar nan, yau da wuri? Ko an kore ki ne a gida?"

"Kusan haka ne, Inna. Sannu da aiki."

"Yauwa. Matsa min kaɗan in goge miki wurin. Yaron safen nan a kan injin yake cin biskit, kamar ba uwa ce ta haife shi ba."

Inna ba ta aikin ganin ido. Ta matse tsumma, ta naɗe shi a yatsu biyu, ta kama kibod da hannun hagu kamar za ta yi wa yaro wanka, ta shiga dirza. Ta bi layin sama, ta dawo, ta gangara gefen hagu inda datti ya fi taruwa, ta murza, ta sake murzawa.

Auta tana tsaye tana jira, idonta ya sauka a kan allon. Tsumma yana tafiya, baƙaƙe suna zubowa a gurbin lamba, tarkace marasa ma'ana. Ƙanana ne, ƙanana ne, sai kawai suka koma manya. Inna ta sake bi ta gefen hagu, suka koma ƙanana. Ta ƙara dirzawa, suka sake zama manya. Auta ta kalli ɗan ƙwan da ke kusurwa. Ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Inna, tsaya."

"Na ɓata wani abu ne?"

"A'a. Don Allah sake goge nan wurin."

"Ikon Allah. Yau kuma ke za ki koya min shara?"

Ta goge. Auta ta danna baƙi ɗaya, ya fito ƙarami. Ta sa yatsa ta danna maɓallin da ke gefen hagu da kanta, ta sake buga baƙin, ya fito babba. Fitila shiru. Ashe ba a kashe take ba, mutuwa ta yi, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Suna tsaye kuma allon ya gaji da jira, ya share tarkacen da kansa ya koma fes kamar ba a taɓa shi ba. Abin da take tararwa kenan kullum.

Ta ja kujera ta zauna. Ta shiga warware abin a ranta daki-daki. Da safe ake kunna kwamfutar, shi ya sa na safe ba ya shan wahala. Da rana tsumman Inna ke bi ta kan maɓallin, wata rana ya bar shi a danne, wata rana a sake, gwargwadon yawan biskit. Lambar ma'aikaci ba ta da babba da ƙarami, don haka ba ta tona komai. Kalmar sirri ba a ganin ta. In an shiga ciki kuma, takardun kaya duk da manyan baƙaƙe injin ke fitar da su ko ka so ko ka ƙi. Ita kanta sabuwar kalmar da take sawa bayan Injiniya ya buɗe, a yadda maɓallin yake ranar take shiga. In gobe tsumma ya bar shi haka, ta wuce. In ya juya shi, ta kulle.

Ta tabbatar baƙaƙe suna fitowa yadda take so, ta buga lamba, ta buga kalma. Ta ƙi. Ta danna maɓallin sau ɗaya ta sake bugawa. Kwamfuta ta buɗe kamar ba ita ba.

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke zuwa da ɗan hawaye. Inna ta riƙe bokiti tana kallon ta.

"'Yar nan lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Inna. Allah ya saka miki da alheri."

"Amin, amma me na yi?"

"Kin wanke mutum."

"Ni kibod na wanke," in ji Inna, ta fita tana girgiza kai.

Mai Sikeli ya buɗe ido ɗaya. "Me aka samu?"

"Baba, bakaniken naka bai bar ƙusa a kwance ba."

"Wane bakanike?"

Kun ji ba. Shi ya ma manta. Haka duniya take, mai jifa ya manta, wanda aka jefa yana ta jinya.

Ta shiga ofishin Manaja ta yi masa bayani, ta roƙe shi kada a yi wa Inna faɗa, aikinta take yi. Ya fito ya danna maɓallin da kansa, ya leƙa fitilar kamar zai hura mata rai, ya ce, "To." Manaja ba ya ba da haƙuri, wannan "to" ɗin ita ce haƙurinsa. Ya ƙara da cewa zai sa a kawo sabon kibod jibi.

Yammacin nan Auta ta dawo gida da sauƙin jiki. Ta tarar da Umma a falo tana ninke wanki, ta zauna ta kama mata bakin zanin gado ba tare da an ce ta kama ba.

"Yau kuma wace rana? Me aka ba ki a hanya?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ne ya sa haƙoranki suka ƙi rufuwa? To ina amsata?"

"Gobe in Allah ya kai mu."

"Me ya hana yau?"

"Akwai wanda ya kamata ya riga ki ji."

Umma ta tsaya da zani a hannu. Sannan ta ce, "Ja can, kin karkata min ninki." Amma da ta juya za ta ɗora a kan kujera, kafaɗunta suna rawa don dariya.

A ɗaki Auta ta ɗauki waya. Saƙonsa na safe yana nan ba amsa, ga wani a ƙasansa: "Shiru dai. Ko na yi laifi ne?" Ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. Maganar da mutum ya yi ta jira da haƙuri haka, a tura masa ita a waya tsakanin tallan kamfanin layi da gaisuwar 'yan ajinsu? Ta ga bai dace ba. Ta ce masa ya zo kuma, bakinta ba zai iya ba, ba ta taɓa kiran sa ba sai don aiki. Ta rubuta, "Ba ka yi laifi ba. Mutuniyar tana gaishe ka," ta kife wayar.

Tana kifewa dabara ta faɗo mata. Sabon kibod sai jibi. Kenan gobe ce rana ta ƙarshe da tsohuwar nan za ta iya ɗaukar laifin wani.

Washegari ta sa rigar da ta fi so, koriya mai duhu, da mayafi ruwan madara, ta ɗan shafa turaren da take ajiye wa fita ta musamman. Ta shiga kwamfuta lafiya lau, ta sallami layin azahar tsaf, don ba ta yarda wani ya sha rana saboda ita ba. Sai da wurin ya yi shiru, Manaja ya shige ofis ya rufe ƙofa, sannan ta fita daga kwamfutar. Ta buga lambarta. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta danna maɓallin gefen nan da ɗan yatsanta, ta buga kalma. Ta ƙi. Ta sake. Ta ƙi. A na ukun sai da ta ce a ranta, Allah ka yafe min, sannan ta buga.

Kwamfuta ta kulle.

Ta kira shi, muryarta kamar ta mai neman taimako da gaske. "Injiniya, ta sake fa."

Ya ce, "Ta sake?"

"Wallahi ta kulle."

Ba ta yi rantsuwar ƙarya ba, ta kulle ɗin.

"Ga ni nan, dama ina kusa."

Da ƙarar babur ta tsaya a waje, hannunta ya tafi mayafi da kansa. Ya shigo da sallama, ya gaida Mai Sikeli, ya zagayo bayan kantar. Jakarsa tana baya kamar kullum, amma yau akwai wani dogon kwali a hammatarsa. Ya ajiye shi a kan kantar. Hoton kibod ne a jiki.

Auta ta ƙura wa kwalin ido.

Ya ja ƙafar wando ya zauna. Bai ciro kwamfutarsa ba. Ya sa yatsa a kan maɓallin gefen hagu, ya danna shi a hankali, ya ɗago ya kalle ta.

"Manaja ya bugo min tun jiya," ya ce. "Ya ce kin gano abin da ya gagare ni. Har ya ce in zo in koyi aiki a wurinki. Na ji kunyar fitilar nan, shi ya sa ban jira gobe ba."

Auta ta nemi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ƙi. Can gefe Mai Sikeli ya ɗora wani ƙaramin kwali a kan sikeli, ya sauke, ya sake ɗorawa. Kwalin nan tun ɗazu aka auna shi.

"To," in ji Injiniya, yana ƙoƙarin haɗe fuska tana ƙi, "tunda kin san ciwon, kin san maganin, me ya lalace da aka kira ni?"

Ta kalli allon, ta kalli yatsunta, ta kalli kwalin. Sannan ta yi abin da ba ta zaci za ta iya ba, ta kalle shi ido cikin ido.

"Babu abin da ya lalace. Ka ce wa Gwaggo ta daina bugo waya. Ta zo da kanta, Umma tana gida."

Mutumin da ke kwance injin ya mayar ba tare da ƙusa ta ɓata ba, sai ga shi ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Ya ɗora a gwiwa, ya ɗauke, ya shafa kai.

"Auta, da gaske?"

"Sai na buga sau uku?"

Mai Sikeli ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba, ya ce wa kwalin da ke gabansa, "Alhamdu lillahi, nauyi ya cika."

Daidai nan ƙofar ofis ta buɗe. Manaja ya fito da tabarau a goshi, ya hango saƙon kullewa da ke kan allo, ya tsaya cak.

"Ba jiya aka ce min an gano matsalar nan ba? Wa ya sake kulle min kwamfuta?"

Auta ta buɗe baki. Kafin sauti ya fito, Injiniya ya riga ya miƙe tsaye, ya shiga tsakaninta da Manaja.

"Ni ne, yallaɓai."

Manaja ya sauko da tabarau kan hanci. Ya dubi Injiniya, ya dubi jakar da ko zif ba a buɗe ba, ya dubi koriyar rigar Auta. Sannan ya juya a hankali wajen sikeli.

"Baba, kai kana nan tun ɗazu. Wa ya kulle ta?"